Mako Shida Hannu a Baya

Ana idar da sallar asuba muka tashi daga Bauchi, mu tara a motar da aka ƙera domin mutum bakwai. Masu ta aiko min da saƙo suna tambayar inda na ɓace, ga amsarku: Yola na tafi, kuma ba yawon shan iska ya kai ni ba.

Ga wanda bai san ni ba, a Sudan na karanta likitanci, muka fito da takardunmu a hannu yaƙi yana bin sawunmu. Wanda ya yi karatu a waje ba ya taɓa majinyaci a ƙasar nan sai ya ci jarrabawar samun lasisi. Na zauna sau ɗaya, na haye ta rubutu, ta bakin gado ta yi ƙasa da ni. Kafin in sake zama sai na kawo takarda daga hannun babban likita cewa na yi makonni ina bin sa ina kallon aiki. Asibitocin kusa da mu sun cika da irina, 'yan Sudan da 'yan Masar da 'yan Yukren, kowa da farar rigarsa da ba ta taɓa ganin jini ba. Da ƙyar wani babban likitan tiyata a Yola ya ce in zo mako shida. Burina in zama likitar tiyata, amma kafin horon ƙwarewa akwai lasisi, kafin lasisi akwai jarrabawa, kafin jarrabawa akwai wannan takarda. Na yi wa kaina alkawari ba zan sake taka Bauchi ba sai da ita.

Daga Bauchi zuwa Gombe ba mu sha wahala ba. A Gombe muka karya da waina da miyar taushe, farashin ya sa wani fasinja ya tambayi mai wainar ko da fetur take suya. Daga nan Kumo, Billiri, Kaltungo da duwatsunta masu tsini. Bayan Cham ne hanya ta fara nuna halinta. Akwai wuraren da aka gyara har direba ya saki jiki yana ba mu labarin siyasa, sai kawai kwalta ta ƙare ba sallama, mu tsinci kanmu a rami. Shingen sojoji kuwa na daina ƙirgawa. Direban ya ce tun farkon rikicin Boko Haram suke nan, har ya san wanda ke amsa gaisuwa da wanda ba a yi wa dariya. Kusa da Numan muka ratsa gonakin rake, kore shar a tsakiyar bazara, sannan muka hau gada na ga Binuwai ya janye ya bar yashi, masunta suna tura kwalekwale a ɗan abin da ya rage.

La'asar sakaliya muka shiga Jimeta. Abin da ya fara tarbata zafi ne. Mu 'yan Bauchi muna cewa muna da zafi, ashe wasa muke. Na biyu shi ne rashin acaɓa, an hana shi tun lokacin da ake harbi a kan babur, keke mai ƙafa uku ne ya cika gari. Mai keken da ya ɗauke ni ya ce, "Hajiya, ina za ka?" Na waiga in ga wane namiji ne a bayana. Kafin mako guda ni ma na saba, har na fara ce wa mai kifi "ka rage min" tana ɗaure da ɗankwali.

A Dubeli na sauka, gidan Goggo, ƙanwar babana, wadda ta auri wani Bafulatani mai shagon yadi ta yi shekara talatin a garin. Ɗakin da ta ba ni ƙarami ne, na ɗan yatsina fuska, sai ta ce, "Lokacin da Mubi ta faɗa hannun Boko Haram, mata goma sha ɗaya suka kwana a nan wata uku, ba wanda ya mutu. Ke ma ba za ki mutu ba." Da magariba ta kawo min tuwo da miyar tafasa da gyaɗa, da kifi rabin hannuna, washegari kuma dakkere, dambun geron Fulani, da kindirmo. Idan kun ga na yi kumatu, ku tuhumi Goggo.

Baƙo yana cewa Yola a dunƙule, amma gari biyu ne. Jimeta hayaniya ce, kasuwa da ofisoshi da Hausa da Turancin 'yan kasuwa. Yola ta can ciki kuwa shiru, manyan itatuwa da tsofaffi a kan tabarma, ko gaisuwa da Fulatanci ake yi. Kullum da safe sai in hau keke daga wannan zuwa wancan, kuɗin keken yana ƙaruwa kusan duk mako, mai keke yana ba ni haƙuri kamar shi ya ƙara kuɗin mai.

Ranar farko babban likitan ya kira mu ofishinsa, mu huɗu masu kallo. Dogon mutum ne siriri, ɗan unguwar Makama, ba ya ɗaga murya, saboda haka kowa ke kasa kunne. Kowa a asibitin Oga yake ce masa. Ya ce:

"Ba ku da lasisi, saboda haka ba ku da hannu. Hannu a baya. A lokacin zagaye kuma ba ku da baki. Abin da kuka gani ku rubuta, ranar Juma'a ku tambaye ni. Bara wani ya sa wa majinyaci allurar ƙarin ruwa don ya nuna ya iya. Ya iya ɗin, amma ya koma gida ba takarda."

Na riƙe wannan magana kamar karatun sallah. Mako uku ina bin su daga gado zuwa gado, hannuna a baya har kafaɗuna suka yi tsami. Ƙananan likitoci suna kiran mu "obzaba", wato 'yan kallo da Turanci, in sun so tsokana su ce "'yan Sudan". Ba na ɓoye muku, abin ya ci min rai. Shekara shida ina karatu, ga ni tsaye ina kallon wanda na girme shi yana neman jijiya sau huɗu bai samu ba, ni kuwa ina ganinta ɓaro-ɓaro. Sai in cije leɓe in tuna takarda. Wani abu guda dai rashin aiki ya ba ni, wato lokaci. Idan an gama zagaye kowa ya ruga tiyata ko ɗakin ganin likita, ni sai in samu kujera a ƙarshen ɗakin maza in zauna da littafina. A nan na ga abubuwan da ba a rubutawa a fayil: wanda ke tofar da magani, wanda ake shigo wa da jiƙo a robar lemo, wanda ba mai zuwa duba shi.

A mako na huɗu aka kawo wani tsoho makiyayi, kowa na ce masa Baffa. Ƙaba ce ta shaƙe masa hanji, aka yanke wurin da ya mutu aka haɗe sauran. Mai jinyarsa wani magidanci ne mai kimanin shekara arba'in, mai ladabi, kullum a tsugune a ƙasan gado, yana kiran sa Baaba. Dukanmu mun ɗauka ɗansa ne. Baffa ya zama abin misali a ɗakin. Kowace safiya Oga zai danna cikinsa ya tambaye shi da Fulatanci, shi kuma ya ce "Jam", wato lafiya lau, ko gira ba ya ɗagawa. Da aka ba shi izinin fara cin abinci, kullum kwanonsa a share. Bugun zuciyarsa ya ɗan hau, aka ce zafin gari ne da ƙarancin shan ruwa. Aka sa ranar Alhamis za a sallame shi.

Ranar Talata da azahar ina kan kujerata, sai na ga mai jinyar ya ajiye kwanon kunu a gefen gado, ya ɗauki buta ya fita. Yana ɓacewa Baffa ya zama wani mutum daban. Ya naɗe ƙafafunsa, ya damƙi ƙarfen gado har jijiyoyin hannunsa suka fito, gumi ya keto masa, numfashinsa sama-sama. Da ya ɗan lafa sai ya miƙa wa na gadon kusa kwanon kunun, wancan ya shanye ya dawo masa da shi. Ana jin takun mai jinyar, Baffa ya miƙe ƙafa, ya goge fuska da gefen mayafi, ya kwanta tamkar ba shi ba.

Na san abin da littafi ya ce game da wanda aka haɗe wa hanji, kwana biyar, ga gumi ga bugun zuciya ga ƙin abinci. Ɗinki ne ke iya saki, abin da ke cikin hanji ya riƙa zuba a cikin ciki. Na kalli ƙofar ofishin Oga, tana can ƙarshen baranda, a buɗe ma take. Sai na ce wa kaina, ke wa? Mutum ya yi shekara ashirin yana yanka ciki, ya danna da hannunsa ya ce lafiya, ke da kika faɗi jarrabawa za ki je ki ce ya yi kuskure? Na buɗe littafi na rubuta a shafin tambayoyin Juma'a. Har layi na ja a ƙarƙashi, kamar layin zai yi wa Baffa wani amfani.

Da yamma muna tsinke zogale na ba Goggo labari. Ba ta bari na kai ƙarshe ba.

"Yana kallon idonsa in suna magana?"

"A'a."

"Yana cin abinci a gabansa?"

"Sai ya fita."

"Ke, wannan ba ɗansa ba ne, surukinsa ne. Bafulatani na daji ko ana yanka shi ba zai ce wayyo a gaban suruki ba. Ba ya ci a gabansa, ba ya nishi a gabansa. Mijina ma, shekara talatin, babanku ya zo garin nan sau nawa, kin taɓa jin sun haɗa kwano?"

Ranar Laraba na tari mutumin a bakin famfo na tambaye shi. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Matana ne 'yarsa. Babban ɗansa an kashe shi wajen Madagali, lokacin da yaran nan suka kwashe shanu. Ƙaramin ya tafi Kamaru da sauran shanun. Ni ne ya rage." Na ce yana cin abinci kuwa? Ya ce, "Yana ci sosai, likita. Ina ajiye masa, in fita don ya samu ya ci. In na dawo ba komai a kwano."

To kun ji. Shi yana fita don kunya, tsoho yana bayar da abincin don kada ya tayar masa da hankali, nas tana ganin kwano a share tana rubuta cewa ya ci. Kowa yana yin abin da ya dace, mutum yana mutuwa a tsakiyarsu.

A ranar ma ban je ofishin Oga ba. Na bi ta bayan gida, na tari ƙaramin likitan da ke kula da ɗakin a baranda, na ce masa cikin in-ina ko zai sake duba Baffa, kamar yana jin ciwo. Ban ma ambaci maganar surukin ba, don kada ya ce 'yar Sudan ta zo da tatsuniya. Mutumin kirki ne, ga majinyata sun fi ƙarfinsa, amma ya je. Ya danna cikin, suruki yana tsugune a wurin, Baffa ya ce "Jam". Ya dawo ya ce min, "Obzaba, ki ci gaba da obzabin ɗinki." Ni kuwa na ji wani sanyi a raina, wai ai na faɗa, na sauke nauyi. Wannan sanyin shi ne abin da na fi jin kunyarsa a duk tafiyar.

Alhamis da safe muka iso gadon Baffa. An riga an ɗaure kayansu a buhu. Idanunsa sun faɗa, leɓensa ya bushe, amma ya zauna tsaf da hularsa. Oga ya karɓi fayil ya zaro biro. Na tuna kuɗin makarantar da babana ya sayar da gona ya biya, na tuna wanda aka kora bara. Sannan na tuna cewa daga nan rugarsu za su nufa, tafiyar rabin yini, babu asibiti.

Na ce, "Ranka ya daɗe, a fitar da wannan bawan Allah a sake duba shi. Surukinsa ne, ba ɗansa ba."

Ɗaya daga cikin abokan kallona ta taka min ƙafa. Oga bai ko kalle ni ba. Ya juya ga mai jinyar ya yi masa tambaya ɗaya da Fulatanci, ya ji amsa, sai na ga fuskarsa ta canza. Ya aike shi ya sayo wani abu a bakin ƙofar asibiti, ya sa aka ja labule, ya zauna a bakin gadon ya yi wa tsohon magana ƙasa-ƙasa. Sannan ya ɗora hannu. Ƙarar da Baffa ya yi, har yau in na rufe ido ina jin ta. Kafin azahar an shiga da shi tiyata. Ɗinkin ya saki, cikin ya cika da ruɓa.

Bayan la'asar aka ce Oga yana kira na. Na tattara littafina da jakata, don na san korata za a yi. Ya bar ni a tsaye, ya ce:

"Yaushe kika gani?"

"Talata, ranka ya daɗe."

"Yau Alhamis."

Ya ci gaba:

"Na ce ba ku da baki a zagaye. Na ce kada ku ƙwanƙwasa ƙofata? Kwana biyu hanji yana zuba a cikin mutum, ke kina riƙe da littafi." Ya ɗan tsaya, ya cire tabarau ya murza ido. "Ni kuma Bafulatani ne, uwa da uba. Kwana bakwai ina danna cikinsa a gaban surukinsa, ban tambayi ko wane ne ba. Je ki. Gobe ƙarfe takwas."

Bai kore ni ba. Baffa ya yi kwana huɗu a ɗakin kulawa ta musamman, ana ta fama, ranar Litinin da hantsi Allah ya karɓi abinsa. Na shiga bayan ɗakin wanki na yi kuka har na gode Allah. Surukin ya neme ni kafin su tafi da gawa, ya tsuguna nesa da ni ya yi godiya da Fulatanci ya ce, "Useko, likita. Kin yi ƙoƙari, kwana ne ya ƙare. Baaba namiji ne. Har ya rasu ban taɓa jin ya ce wash ba." Da alfahari ya faɗa, kuma ban ga dalilin da zai sa in karɓe masa wannan ba.

Ranar Juma'a da aka zo tambayoyi, guda ɗaya na yi. Na ce da na faɗa tun Talata, zai rayu? Oga ya ce, "Ban sani ba. Ke ma ba za ki taɓa sani ba. Ki koyi aiki da wannan a ranki, dukanmu da irinsa muke yawo." Daga ranar, duk gadon da muka tsaya, kafin ya taɓa majinyaci sai ya tambayi mai jinya, kai wane ne a wurinsa? Sauran kwanakin na ƙwanƙwasa ƙofarsa sau biyar. Sau uku shirme na kai masa, ya faɗa min shirme ne, kuma sama ba ta faɗo ba.

Ranar ƙarshe ya miƙo min takardar a cikin ambulan. Ban buɗe ba sai a cikin keke, muna tsakanin Yola da Jimeta. Ya sa hannu, ya buga hatimi, ya rubuta cewa ina da ido, kuma ya amince in zauna jarrabawa.

Goggo ta cika min jaka da busasshen kifi da man shanu, ta raka ni tasha da sassafe tana ta faɗa wai ban ci komai ba a gidanta. Ruwan farko ya sauka kafin in taho, Binuwai ya fara ɗagowa, duwatsun Kaltungo sun yi kore. Ramukan bayan Cham sun cika da ruwa, direba ba ya sanin zurfinsu sai ya faɗa. Mun shiga Bauchi ana kiran magariba.

Babana ya karɓi takardar da hannu biyu, ya sa ƙanwata ta karanta masa sau biyu tana fassarawa, ya ce a kira 'yan'uwa a faɗa musu. Ban hana shi murnarsa ba.

Ku da kuke shirin zuwa irin wannan zama, ga abin da na samo. Ku riƙe hannunku a baya kamar yadda aka ce, dokar tana da dalili. Ku zauna a ɗaki bayan manya sun watse, a nan majinyaci yake nuna gaskiyarsa. Ku san wanda ke tsugune a ƙasan gado. In kuma kun ga abu, ku tashi a lokacin ku je ku faɗa wa mai iya yin wani abu a kai, ko da za a yi muku dariya, ko da za a kore ku.

Jarrabawa saura mako biyar, kuma in Allah ya yarda zan ci ta, zan kuma yi tiyatar nan da nake buri. Takardar tana cikin akwatina, ba ko lanƙwasa a jikinta. Na samu abin da na je nema. Da kwana biyun da na yi shiru na tsare ta, kuma kwanakin ba nawa ba ne, na Baffa ne.